Ruwan Da Ya Bi Rariya: Daga Sifawa Zuwa Wupa

 

Yau tarihi za mu taɓa, amma ta ƙofar baya za mu shige shi. Duk wanda ke karanta labaran da muke rubutawa ya san ruwa ba ya yankewa a cikinsu. Budurwa ta je rijiya, uwargida ta gama wanke-wanke ta watsar da ruwan a tsakar gida, Alhaji ya shiga banɗaki mai tayil ya sakar wa kansa ruwa. Daga nan sai babi ya ƙare. Shi kuwa ruwan tafiyarsa ma ta soma ke nan. Ya bi rariya ya fita lungu, ya haɗu da na maƙwabta, ya gangara wani wuri, kuma a wurin nan akwai mutane. Tarihin garuruwanmu ma haka aka koya mana shi: wane ne ya gina rijiya, wane ne ya kawo famfo, wane ne ya datse gulbi. Mu kuma ɗaya rabin muka zo nema. Ina ruwan yake zuwa bayan mun gama da shi?

Bari mu fara daga gida. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Gwandu ya dawo Sifawa wajen 1810, ya zauna a nan har 1815, sannan ya koma Sakkwato inda Allah ya karɓi abinsa a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Bodinga, nan kusa, ɗansa Muhammadu Bello kuma yana Sakkwato yana gina ta. Wannan kowane ɗan firamare a yankinmu ya ji shi. Abin da ba mu cika tsayawa mu yi tunani a kai ba shi ne yadda ƙauye zai wayi gari ya zama matattarar daula. Malamai da almajirai, manzanni daga ƙasashe masu nisa, masu kawo ƙara, fatake, dawaki da raƙuma da jakuna. Kowane mutum a cikinsu zai sha, zai yi alwala sau biyar, zai yi wanki, kuma zai kewaya.

Mutanen nan ba su zo da ka ba a sha'anin ruwa. Wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san cewa a Ishmawi da Ahalari da Risala, kafin a kai ka ga salla sai an bi da kai ta tsarki, kuma a nan ake koya maka rabe-raben ruwa. Ana duba abu uku: launinsa, ɗanɗanonsa, da warinsa. In najasa ta sauya ɗaya daga ciki, an bar shi ke nan. Shehu da kansa ya ware babi a kan ladubban biyan buƙata a cikin Ihya'us Sunna. An hana mutum ya tsuguna a kan hanya, ko inuwar da mutane ke hutawa, ko mashayar ruwa. In muna neman dokar kare ruwa ta farko da talakan ƙasar nan ya haddace, to ga ta nan, tun kafin a san wata hukumar muhalli.

Ban da karatu, akwai tsarin gida. Salga ce a can ƙuryar gida, ana zuba mata toka don kashe wari da ƙuda, in ta cika a rufe ta a gina wata. Ruwan wanka ya bi rariya ya faɗa kwatami a bayan danga, sau da yawa kabewa ko gwanda na tsaye a bakinsa tana sha. Ramin da aka haƙi ƙasar gini ya zama kududdufi, shi ke karɓar ruwan unguwa da damina. Shara da kashin dabbobi kuwa ba a kiran su datti, taki ne, ana ɗora wa jaki a mangala a kai gona kafin faɗuwar ruwa. Amma a ganinmu babban sirrin tsarin yana kan wuyan mata da 'yammata. Ruwan da aka jawo da guga aka ɗauko a tulu ba a wasa da shi. Gidan da ke shigo da tulu goma a yini, abin da zai fitar ta rariya kaɗan ne, rana da rairayi sun isa su shanye shi kafin la'asar.

Kada daɗin labari ya kwashe mu, mu mai da zamanin da aljanna. Kududdufin nan shi ne gidan sauro. Tafkin da ake sha shi ke ba da kurkunu, ciwon da ke kwantar da manomi a tsakiyar damina, wanda a 1988 aka ƙirga mutum sama da dubu 650 da ke fama da shi a Najeriya, kuma sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da shi. Tsarin da yana aiki ne muddin mutane ba su yi yawa ba. Inda suka yi yawa kuwa, tun a wancan ƙarni ya fara gazawa. Baturen nan Clapperton da ya shiga Kano a 1824, da Barth da ya zo a 1851, dukansu sun yi maganar fadamar Jakara da ta ratsa birnin da ruwan da ke kwance a cikinta. Ana iya cewa idon baƙo ne mai neman aibu, kuma akwai gaskiya a hakan. Sai dai Jakara tana nan har yau, kowa na iya zuwa ya ba hancinsa labari.

Sifawa ba ta kai ga wannan matsala ba saboda girman ya tashi ya bi Shehu. Sakkwato ce ta ɗauke shi, kuma wurin zamanta ya taimake ta: tana kan tudu, kusa da inda Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suka haɗu. Ruwan sha yana ƙasa, ruwan datti kuma da kansa yake gangarawa. Ina yake gangarawa? Fadama, wato wurin da ruwan shan yake. Shekara ɗari biyu ke nan wannan lissafi bai sauya ba, yawan mutanen da ke kan tudun ne kawai ya sauya.

Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Daga zamaninsu muka gaji kalmar da kakanninmu ke faɗa da ɗan tsoro, wato duba-gari. Ma'aikacin En'e ne, yana shiga gida ya leƙa randa ko akwai 'ya'yan sauro, ya duba masai, ya duba kwata, wanda aka samu da ƙazanta a kai shi gaban alƙali a ci shi tara. A bariki kuma aka kawo masai na bokiti, wanda leburori ko fursunoni ke kwashewa. Su kansu Turawan sai suka ja gefe. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, ta sa a bar fili fetal na yadi 440 tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa. Maganin da suka yi wa kansu ke nan, nisa.

Abin da ke ci mana rai shi ne sun san wani maganin. A Landan, a 1854, wani likita mai suna John Snow ya bi sawun annobar kwalara gida-gida har ya gano cewa daga famfon rijiya guda take fitowa, rijiyar da ƙazantar wani ramin masai ke tsiyaya cikinta. A bazarar 1858 warin Kogin Thames ya addabi 'yan majalisarsu a zaurensu, ba shiri suka amince da kuɗin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa, aikin da injiniya Joseph Bazalgette ya jagoranta. A 1914 kuma, a Manchester, wasu masana biyu, Ardern da Lockett, suka fito da hanyar hura iska cikin ruwan ƙazanta don ƙwayoyin bakteriya su cinye dattin. Wato shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa ita ce shekarar da aka gano dabarar da manyan matatun ruwan ƙazanta na duniya ke aiki da ita har gobe. Mu abin da ya iso mana shi ne duba-gari da bokiti. Ko da ruwan famfo ya zo Kano daga Challawa a farkon shekarun 1930, bututun shigowa aka shimfiɗa. Na fita aka bar wa lambatu.

Bayan 'yancin kai ma ba a sauya hanya ba, sai ƙara sauri da aka yi. Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan ta Jihar Sakkwato a 1976. Ma'aikata suka cika gari, aka yanka sababbin unguwanni. Farin farkon shekarun 1970 ya sa hankalin gwamnati ya koma kan tara ruwa, aka kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Aka kammala madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, mai iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Garin Shagari, mahaifar shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari da ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, shi ma daga baya ya samu tasa madatsar. Ba kyauta aka samu waɗannan ayyuka ba. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoman Bakolori wuta, mutanen da ke neman diyyar gonakinsu da aikin ya cinye, aka rasa rayuka. Wannan labari ne da ya cancanci littafi sukutum, kuma muna jiran wanda zai rubuta shi a cikinmu.

Ga wata ƙa'ida da aka koya mana a aji, wadda ta sauya yadda muke kallon kowane bikin buɗe famfo. Injiniyoyi kan ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da aka kai gida zai sake fitowa a gurɓace. In gwamna ya yanke kirtanin aikin da zai ba gari lita miliyan 10 a yini, to a ranar ya haifi wani rafi na lita miliyan 8, wanda ba a yanka masa kirtani ba, ba a kuma tanadar masa hanya ba. Tulu ya tafi, tankin roba ya hau saman kowane gida, masai mai ruwa ya shigo, amma hanyar fita tana nan yadda take tun zamanin Sifawa: rariya, lungu, gangare.

Wanda ke son ganin inda wannan hanya ke kaiwa ya je Kano. Jakara tana kwaso ruwan cikin birni, rafin Getsi yana kwaso na masana'antun Bompai, su haɗu su gangara madatsar Wasai. A Sharada da Challawa, kamfanonin jima suna aiki da sinadarin kuromiyom, ruwan da ke fita daga can kuma Kogin Challawa yake nufa. A gefen waɗannan rafuka akwai manoman rani masu ban ruwa da abin da ya zo musu, suna fitar da latas da kabeji da alayyafo da karas, kore shar, saboda ruwan cike yake da taki. Ba za mu zarge su ba, ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Amma latas ɗin nan ba a dafa shi, kuma kasuwa yake zuwa. Mu ma da muke alfahari da jar akuyar Sakkwato da fatarta da ta yi suna har Turai, ya kamata mu riƙa tuna cewa majema ba ta aiki sai da ruwa, kuma ruwan ba ya komawa sama.

Sai lissafin da ake biya da rai. Kwalara ta wannan zagaye ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta iso Najeriya, kuma tun daga lokacin ba ta tafi ba. Ta yi ɓarna a 1991, ta dawo da ƙarfi a 2010, shekarar da ambaliya daga Goronyo ta share ƙauyuka da gonaki a gaɓar Rima. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da dubu 111 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki, har da tamu. A nan ne ma'aunin launi da ɗanɗano da wari ya kai iyakarsa. Shi ma'auni ne na tsarkin ibada, kuma yana nan daram a wurinsa. Ƙwayar kwalara kuwa tana iya zama cikin ruwa garai-garai, mai sanyi, mai daɗi a baki.

Gwamnatoci sun yi ta yunƙuri, amma kusan duk a kan halin mutum ɗaya-ɗaya suke tsayawa. Zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon ya bar mana sharar ƙarshen wata. A 2019 aka sa hannu kan umarnin shugaban ƙasa na kawo ƙarshen bahaya a fili, a 2022 kuma aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko da ta cimma hakan. Abin yabo ne. Sai dai gina masai rabin aiki ne, domin duk ramin da aka haƙa wata rana zai cika.

Mu dawo kan hanyar Bodinga. Duk mai bin ta ya ga yadda Sakkwato ke miƙo ƙafa kudu ta wajen filin jirgin sama, gonakin gero suna komawa fulotai. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Bodinga na da mutum kimanin dubu 175, ta Shagari kimanin dubu 156, kuma a irin haihuwar da ake yi jama'a kan ninka cikin shekara 25 zuwa 30. Mai sabon gida abu biyu yake fara haƙawa, burtsatse da sokawe. Masana lafiya kan ba da shawarar a bar kamar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya. To fili mai ƙafa 50 da 50 kimanin mita 15 ne kawai kowane gefe. Ko ka kai rijiyarka wannan kusurwa, sokawenka waccan, ba ka kai ba, balle ga na maƙwabci a jikin katanga. Ƙari a kan haka, dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Kalambaina yana shimfiɗe a ƙarƙashin wani sashe na yankin nan, kuma dutse ne mai tsagogi. Shi ya sa rijiyoyin kansa ba sa nisa, shi ya sa kuma abin da aka zuba masa ke tafiya ba tare da ya tacu sosai ba.

Mun ga wannan da idonmu. Akwai wata rijiya a unguwarmu da muka tashi muna sha, wadda tsofaffi ke yabo saboda daɗin ruwanta. Wata damina sai ta soma wari. Aka yi yasa, aka zuba alif, aka yi zargin ko kaza ce ta faɗa. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ashe sabon gidan da aka gina a bayanta ne ya haƙa sokawe taku kaɗan daga bakinta, mai gidan ma bai san ya yi laifi ba. Yanzu an rufe ta da kwano da duwatsu, matan da ke ja a nan sun koma sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa.

To mene ne matatar ruwan ƙazanta, tunda yawancinmu ba mu taɓa ganin ta ba? Mafi shahara a ƙasar nan ita ce ta Wupa a Abuja, wadda aka buɗe a 2007, aka tsara ta don ƙazantar mutum dubu 700. Aikinta ba sihiri ba ne. Ruwan ya shigo ta bututu, ya bi ta ragar ƙarfe da ke tare leda da tsumma. Ya wuce inda yashi zai kwanta. Sannan ya shiga manyan kwatamai inda injuna ke dama shi da iska dare da rana, bakteriya su yi ta cin dattin, dabarar nan ta 1914. Sai a bar shi ya natsu, lakar ta kwanta, a kashe sauran ƙwayoyin cuta, a saki ruwan cikin rafi. Lakar kuma a busar da ita. In gari ya girma, faɗaɗa matatar na nufin ƙara kwatamai da injuna, da kuma abin da ya fi su tsada, wato kai bututu sababbin unguwanni. Abuja ta samu wannan ne saboda a takarda aka fara zana ta kafin a sa bulo. Kuma matata irin wannan ba ta da rai sai da lantarki. In wuta ta ɗauke aka daina hura iska, bakteriyan sun shaƙe ke nan.

Ra'ayinmu, kuma ana iya ja da mu, shi ne Bodinga da Sifawa da Shagari ba Wupa suke buƙata ba. Akwai tsohuwar hanya mai sauƙi, irin tafkunan da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta gina wa ruwan ƙazantar harabarta. Tafkuna ne a jere. Na farko mai zurfi, inda laka ke kwanciya tana ruɓewa. Na biyu mai faɗi, inda gansakuka ke samar da iskar da bakteriya ke buƙata. Na ƙarshe marar zurfi, inda hasken rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan kan yi makonni yana bi daga wannan zuwa wancan, ba inji ba janareta, kuma zafi ne ke ƙara musu sauri. Ranar watan Afrilu da muke kuka da ita, wadda ke haura digiri 40, a nan ma'aikaciya ce marar albashi. In ka duba da kyau, kududdufin kakanninmu ne aka sa wa lissafi, aka daɓe ƙasansa don kada ya tsiyaya, aka fitar da shi bayan gari. Ruwan da ya fito, in an kula da tafkunan, ana iya noman rani da shi a yankin da ruwan samansa bai cika wuce wata huɗu ba. In kuwa aka yi sakaci ciyawa ta rufe su, sun koma gidan sauro da wari.

Abu ɗaya suke ci, fili, kuma ba kowane fili ba. Sai wanda ke gangare, nesa da rijiyoyi, inda iska ba za ta kwaso wari cikin gari ba. Irin wannan fili a yau gona ne da za a iya biyan diyyarsa a zauna lafiya, in an yi adalcin da aka kasa yi a Bakolori. Nan da shekara goma sha biyar gidaje ne.

Ko bututu ma ba dole ba ne a fara da shi. A yanzu haka akwai masu yi mana wannan aiki, waɗanda a Kano ake kira gidan-kowa-da-akwai, masu shiga rami da bokiti da shebur, da kuma masu tankar zuƙe sokawe. Muna kiran su in ramin ya cika, mu yi ciniki a tsaye a ƙofar gida, mu toshe hanci, mu biya. Motar ta tashi da kayanta ta bi titi ta fita gari. Tafkin farko a jerin nan, mai zurfin, shi ne wurin da ya kamata direban ya nufa ya juye. Tunda babu shi, yakan sami wani kwari ko gonar da mai ita ya ce a zuba masa, ya buɗe bututu, ya dawo ɗaukar na gaba.